Matsin da ya wuce kima a injin babur mai ƙafa huɗu bayan gyara

Babur mai ƙafa huɗu, wanda aka ƙera don ratsa jeji, yashi da gonaki, galibi injinsa mai silinda ɗaya ne, dangin na baburan haya da Keke Napep, sai dai ya fi su girma. Kamfanin Honda ne ya fito da mai ƙafa uku a 1970, Suzuki kuma ya kawo mai ƙafa huɗu a 1982. Akwai wata cuta da kan kama irin wannan inji daidai lokacin da mai shi ke murnar an gama gyara, wato matsi, wanda makanikai ke kira kwamfireshan, ya haura yadda aka ƙera injin.

Alamun ba ɓoyayyu ba ne. Sitata takan yi ta nishi kamar batir ya mutu, igiyar ja ta fizge daga hannu, kik ya dawo ya bugi ƙafa. Idan aka ɗora kaya ko aka kama hawa, sai a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, injin kuma ya ɗau zafi da wuri. Abin takaici, wasu makanikai da wannan suke yabon aikinsu, su ce inji ya kama, sabo ne, zai saki. Ƙarar nan ta fetur ce da ke fashewa da kansa saboda zafi da matsi kafin wutar filogi ta iso gare shi. Kowace fashewa guduma ce a kan fistin. Takan karya gadar da ke tsakanin zobba, ta ƙona gaskit, ta cinye boris ɗin kwanrod.

Lissafin ba shi da wuya. Silindar da ke zuƙar cc 400, idan ɗakin da ke saura a sama bayan fistin ya kai ƙololuwa cc 50 ne, to matsinta 9 ne bisa 1. In faɗin silindar milimita 85 ne, kankare milimita ɗaya tak daga samanta zai rage ɗakin da kusan cc 6, matsin ya koma 10 bisa 1. Milimita ɗaya kuwa ido ba ya ma ganin tafiyarta.

A nan sakacin yake. Inji ya yi zafi, kan inji ya ɗan lanƙwashe, sai a kai shi wurin masu injin yankan ƙarfe a ce a ci fuskarsa har ta kwanta. Ba a auna kaurinsa kafin a ci ba, ba a tambayi nawa aka ci ba, ba a ma san ko wani ya taɓa cin sa a baya ba, alhali yawancin waɗannan baburan na hannu ne, sun ratsa gareji fiye da ɗaya. Daga nan a haɗa da kowane fistin da ya shiga rami, ko da mai tudun kai ne irin na tsere, a ɗora gaskit mai arha da bai kai na asali kauri ba. Kurakurai uku sun taru a wuri ɗaya, kowanne yana rage ɗakin ƙuna.

Da inji ya fara ƙara, maganin da aka fi rugawa gare shi shi ne ninka gaskit biyu a kan inji. Wannan ɗabi'a ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ke mayar da ƙaramin gyara babba. An yi gaskit ne ya matsu tsakanin ƙarfe biyu masu santsi. Idan aka ɗora wani a kan wani, fuskar da ke tsakaninsu ba ta da abin riƙo, wuta takan samu hanya ta wurin, ruwan lagireto ya shiga silinda ko mai ya fara tsatsafowa. Bayan haka akwai 'yar tazara tsakanin gefen fistin da kan inji, wadda aikinta shi ne turo fetur da iska zuwa tsakiya su ƙone da sauri. Gaskit biyu kan buɗe tazarar fiye da kima, fetur ya maƙale a gefe, sai matsi ya ragu amma ƙarar ta ƙi tafiya. Wasu kuma sukan goge kan fistin da fayil, su bar shi da kaifin da zai yi jajir ya riƙa kunna fetur kafin lokaci. Masu cusa washa a ƙarƙashin filogi ko sassauta kusoshin kan inji kuwa, nasu ɓarna ce tsagwaronta.

Aikin ƙwarai da awo yake farawa. Ana ɗumama injin, a cire filogi, a ɗaura gejin matsi, a buɗe totur gaba ɗaya, a yi ta juyawa har allura ta daina hawa, sannan a gwada da adadin da littafin wannan samfurin ya bayar. Ko allura ta haura, bai kamata a ruga kwance inji ba. Man da aka shafa wa silinda wajen haɗawa kan ɗaga allura a gwajin farko. Sannan yawancin manyan injunan nan suna da wata 'yar dabara a jikin kamshaf da ke ɗan buɗe bawul ɗin hayaƙi lokacin tayarwa, domin rage wa sitata nauyi. Idan aka bar tazarar bawul ta yi faɗi, dabarar ba ta aiki, sai injin ya yi tauri kamar matsi ya yi yawa, alhali saitin bawul kawai yake buƙata. Haka ma sarƙar taimin da aka ɗora ta goce da haƙori ɗaya.

In an kawar da waɗannan, sai a auna ɗakin ƙunan kansa. Sirinjin kemis ya isa: a kai fistin ƙololuwa, bawuloli a rufe, a riƙa zuba mai ta ramin filogi ana ƙirga cc nawa ya shiga. Tazarar gefe kuma da wayar dalma ake auna ta, a bar fistin ya danne ta, a auna kaurin da ta koma.

Abin da awo ya nuna shi ke zaɓen magani. Fistin mai tudu a canza shi da na asali. Kan injin da aka ci kaɗan, gaskit guda ɗaya mai kaurin da zai mayar da abin da aka cire ya wadatar, ko a ƙara kaurin gaskit ɗin gindin silinda. Wanda aka ci da yawa, sauya shi ya fi araha a kan sabon fistin da silinda. A injin da ke ƙona mai tare da fetur, irin Yamaha Blaster, ƙara kaurin gaskit ɗin gindi yana ɗaga kafofin shiga da fita, ya sauya halin injin, don haka a can daga kan inji ake gyarawa.

Ja da taimin wuta baya ko ƙara wa kafireto mai yana iya lafar da ƙarar na ɗan lokaci, amma matsin yana nan yadda yake. Fetur ma da nasa hannun, domin na bumburutu da aka gauraya da kananzir ya fi saurin fashewa da kansa, har inji mai daidaitaccen matsi ma yakan sa shi ƙara. Bayan an rufe inji, ana ɗaure kusoshi bi da bi a giciye, da ƙarfin da littafi ya faɗa, a sake duba taimin, sannan a maimaita gwajin geji kafin a ɗora wa babur kaya.