Ko Ka San Abin da Ke Hana Tanderun Siminti Narkewa?

Tanderun da ake gasa siminti a masana'antu irin su Obajana, Ashaka da Kalambaina ta Sakkwato, wani ƙaton bututun ƙarfe ne a kwance, yana juyawa a hankali ba dare ba rana. Tsawonsa kan kai mita 60 ko fiye. A cikinsa ne garin dutsen farar ƙasa da yumɓu ke dahuwa a zafin digiri 1450 na ma'aunin Salshiyas, harshen wutar kuwa yakan kusanci 2000. Shi kuwa ƙarfe a wajen 1500 yake narkewa, kuma tun yana 400 ƙarfinsa ke fara raguwa. To me ya hana bututun lanƙwashewa?

Tubali ne. Ana jera wa cikin tanderun tubali mai jure wuta, kaurinsa kamar santimita 20, kowanne ya ciji ɗan'uwansa yadda ko an juya ba zai faɗo ba. Ba kuma iri ɗaya ake sa wa ko'ina ba. Inda zafi ke da sauƙi, tubalin alumina ya wadatar. Amma a tsakiyar wuta sai na magnesiya, wanda sinadarinsa ba ya narkewa sai zafi ya haura 2800. Akwai wani dalilin kuma: farar ƙasa mai zafi tana cinye tubalin da yashi ya yi yawa a cikinsa, amma da magnesiya suna zaman lafiya. Har ma narkakken kayan simintin yakan manne a jikinsa ya yi ɓawo, kamar ƙanzo a gindin tukunya, ɓawon nan ya zama garkuwarsa.

Idan tubali ya zaizaye ko ya zube, sai ka ga wani wuri a bayan bututun ya yi jajir. Dole a kashe wuta. A jira ya huce, maza su shiga su farfasa tsohon tubalin su jera sabo, sannan a dawo da zafi sannu sannu, domin gaggawa tsattsage sabon take yi. Kwanaki ke tafiya, alhali babban tanderu dubban tan yake fitarwa kowace rana.

Shi ya sa nake ganin wanda ya zaɓi tubali don araharsa kawai bai yi wa masana'anta adalci ba. Araha ba ta ado. Kuɗin tubalin bai taka kara ya karya ba in aka gwada da asarar tsayuwar tanderu. An daɗe ana amfani da tubalin magnesiya mai haɗe da kuromiyam saboda ƙarkonsa, amma da aka gano tarkacensa na ɗauke da guba mai gurɓata ruwa da cutar da ma'aikata, masana'antu da yawa suka bar shi. Injiniyoyi yanzu kan auna ingancin tubali da yawan kilon da ya lalace a kan kowane tan da aka gasa, da kuma watannin da ya yi bai sa an kashe wuta ba.