3.3 Tace Kakkaurar Ƙara Daga Makirufo Wajen Ɗaukar Shirin Rediyo da Fim

A sashen da ya gabata an yi bayanin ire-iren makirufo. A wannan sashe kuwa za a dubi kakkaurar ƙarar da kan kutsa cikin ɗauka, da inda take fitowa, da kuma yadda ake tace ta ba tare da an illata muryar mai magana ko amon kiɗa ba.

3.3.1 Ma'anar Kakkaurar Ƙara

Sauti kaɗawar iska ce, kuma ana auna shi da yawan kaɗawar da yake yi a daƙiƙa ɗaya. Ma'aunin shi ake kira haz. Kunnen ɗan'adam yana jin sauti daga haz 20 zuwa haz 20,000. Idan kaɗawar ta yi kaɗan sai sauti ya yi kauri, idan ta yi yawa sai ya sirance. Tushen muryar namiji baligi yakan kama daga kimanin haz 85 zuwa 180, na mace kuwa daga kimanin 165 zuwa 255. Ke nan, a wajen ɗaukar magana, yawancin abin da ke ƙasa da haz 80 hayaniya ce kawai.

3.3.2 Inda Take Fitowa

(a) Iska, musamman ta hunturu, idan ana ɗauka a fili.

(b) Girgizar hannun mai riƙe da sandar makirufo, da takun ƙafa, da rugugin janareta ko manyan motoci.

(c) Gunjin wutar lantarki. A Nijeriya da Nijar wutar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, a Amurka kuwa sau 60, kuma gunjin yakan fito daidai da wannan adadi.

(d) Hucin mai magana. Bahaushe yakan furta /f/ da leɓɓa biyu, don haka iskar takan bugi makirufo kai tsaye, kamar a kalmomin "fura" da "faifai".

(e) Kusanci. Makirufo mai jin sauti ta fuska ɗaya yakan ƙara wa murya kauri idan aka kusanto shi da baki ƙwarai.

3.3.3 Yadda Matata Take Aiki

Matatar sauti tana barin siririn sauti ya wuce, ta danne kakkaura. Sai dai ba ta datsewa tashi ɗaya. A wurin da aka saita ta, sauti yakan ragu da desibel 3, daga nan ya ci gaba da raguwa. Alal misali, matata mai gangarar desibel 12 da aka saita a haz 80 za ta rage ƙarar haz 40 da kimanin desibel 12. Wasu makirufo suna da makunnin matata a jikinsu. AKG C414 na zamani yana ba da zaɓin haz 40 ko 80 ko 160, Shure SM7B ma, wanda ake yawan gani a ɗakunan watsa shirye-shirye, yana da nasa makunni.

An fi son a tace ƙarar tun kafin ta isa ga na'urar ƙara ƙarfin sauti. Dalili kuwa shi ne, bugun iska yakan cika na'urar har ta shaƙe, muryar ta fashe, kuma ba a iya mayar da ita daidai a ɗakin haɗa fim.

3.3.4 Iyakar Matata

Duk da haka, matata ba ta maganin komai. Gunjin haz 50 yakan zo da rakiyarsa a haz 100 da 150, wato cikin muryar mutum, saboda haka gyaran waya ne maganinsa. Haka kuma iska mai ƙarfi tana buƙatar a sa wa makirufo rigar soso ko ta gashi.

Babban haɗarin shi ne wuce gona da iri. Idan aka saita matata a haz 160 wajen ɗaukar dattijo mai kakkaurar murya, za a fahimci maganarsa, kuma karin sautin kalmominsa ba zai ɓace ba, kamar yadda ba ya ɓacewa a wayar tarho, wadda ba ta ɗaukar abin da ke ƙasa da kimanin haz 300. Amma muryar za ta sirance, kwarjininta ya tafi. Lamarin ya fi muni a wajen kiɗa, domin armashin tambari da ganga yana cikin kaurin amonsu ne. Abin da matata ta zubar a lokacin ɗauka ya zube ke nan, alhali kiɗan naɗin sarauta ko hira da tsohon mawaƙi ba lallai a sake samun damar ɗaukarsu ba.

Bisa ga wannan, ra'ayin wannan bincike shi ne a tsaya a haz 80 wajen ɗaukar hira da wasan kwaikwayo, a kashe matata ko a sauke ta zuwa haz 40 wajen ɗaukar manyan ganguna, sauran gyara a bar shi sai an koma ɗakin aiki. Sashe na gaba zai dubi yadda ake ajiye makirufo a dandalin ɗaukar fim.