Shaida zai iya rantsuwa da gaskiyarsa kuma ya yi kuskure: abin da littattafai suka gano kan tuna baya

Duk shekara, da zarar hadari ya fara haɗowa, fadar masu gari da ta sarakuna daga Tawa har Damagaram kan cika da ƙarar iyakar gona. Akan kira dattawan da suka ga lokacin da aka yi rabo. Wannan ya ce iyaka ta tsaya a gindin gawo, wancan ya ce a'a, ta zarce har bakin kwari. Dukansu mutanen kirki ne, ba a taɓa kama ɗayansu da ƙarya ba, kuma kowanne a shirye yake ya rantse. Jama'a kan watse da zaton lalle an ba ɗaya toshiyar baki.

Masu binciken ƙwaƙwalwa, waɗanda suka shafe fiye da shekara 100 suna gwaje-gwaje suna rubuta littattafai, sun nuna cewa zai yiwu ba a ba kowa ko dala ba. Kowane dattijo yana faɗin abin da yake gani a zuciyarsa ne, amma abin da ke zuciyar ya sauya tun tuni ba tare da ya sani ba.

Labarin da ya riƙa raguwa

Littafin da aka fi jingina wannan magana gare shi ya fito a 1932. Sunansa Remembering, wato tunawa, kuma wani malamin jami'ar Kambirij ta Ingila, Frederic Bartlett, ya rubuta shi. Gwajinsa mai sauƙi ne. Ya ɗauko wata tatsuniyar mutanen asali na arewacin Amurka, mai maganar yaƙi da fatalwa, ya ba Turawan Ingila suka karanta sau biyu. Bayan minti 15 ya ce su rubuta abin da suka riƙe. Ya sake tambayarsu bayan kwanaki, bayan watanni, wasu ma bayan shekaru.

Labarin ya riƙa gajarta, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin lura shi ne yadda ya riƙa rikiɗa. Kwalekwale ya koma jirgin ruwa irin wanda suka saba gani. Farautar wata dabbar teku ta koma kamun kifi. Sunayen garuruwa suka ɓace. Inda tatsuniyar ta zo da abin da bai shiga hankalin Bature ba, sai mai ba da labarin ya zubar da shi, ko ya ƙirƙira masa dalili. Kuma ba wanda ya ji a ransa cewa ya taɓa labarin. Daga nan Bartlett ya yanke cewa ƙwaƙwalwa ba ta adana abu cif kamar murya a kaset. Guntaye take riƙewa, idan aka zo tunawa sai ta sake gina sauran da abin da mutum ya sani da abin da yake ganin ya dace.

A cikin littafin akwai wani misali da duk wanda ya zauna da makiyaya zai gane. A ƙasar Swazi, wadda yau ake kira Eswatini, an tambayi wani makiyayi shanun da maigidansa ya saya shekara guda baya. Ya jero su ɗaya bayan ɗaya, da launin kowace, da wanda aka saya a hannunsa, da kuɗinta. Da aka duba littafin lissafin maigidan, kura-kuransa ƙalilan ne. Bartlett bai ɗauki wannan a matsayin baiwar wata ƙabila ba. A ganinsa, mutum yana riƙe abin da rayuwarsa ta rataya a kai.

Tambayar da ke shuka amsa

Idan ƙwaƙwalwa sake gini take yi, ke nan wani zai iya jefa mata tubalin da ba nata ba. Wannan shi ne aikin wata Ba'amurkiya, Elizabeth Loftus, wadda ta tattara bincikenta a littafin Eyewitness Testimony na 1979, kan shaidar wanda ya gani da idonsa. A wani gwaji na 1974, ita da John Palmer sun nuna wa ɗalibai hoton bidiyo na haɗarin mota, sannan suka tambaye su gudun da motocin ke yi. Kalma ɗaya kawai suka sauya a tambayar. Waɗanda aka ce musu motocin sun ragargaji juna sun ƙiyasta kusan kilomita 65 a awa. Waɗanda aka ce musu motocin sun taɓa juna sun tsaya a kusan 51.

A zagaye na biyu, bayan mako guda, aka tambayi wasu ɗaliban ko sun ga fasasshen gilashi. Babu gilashin da ya fashe a bidiyon. Amma cikin mutum 50 da suka ji kalmar ragargaza, 16 suka ce sun gani. Cikin 50 da suka ji kalma mai sauƙi, 7 ne kawai suka faɗi haka.

A ɗakin gwaji wannan wasa ne, a kotu kuwa rayuwar mutum ce. Littafin Picking Cotton na 2009 mutum biyu ne suka ba da labarinsu a cikinsa. A 1984 wani ya kutsa ɗakin wata ɗaliba, Jennifer Thompson, a jihar Karolina ta Arewa, ya yi mata fyaɗe. Duk da firgicin da take ciki, ta yi ƙoƙarin haddace fuskarsa don ta nuna shi daga baya. Ta zaɓi Ronald Cotton a hotunan da ƴan sanda suka nuna mata, ta sake zaɓarsa a jerin mutane, ta tabbatar a gaban alƙali. Aka yanke masa ɗaurin rai da rai. A shari'a ta biyu an kawo mata ainihin mai laifin, ta ce ba ta taɓa ganinsa ba. Sai a 1995 gwajin ƙwayoyin halitta ya wanke Cotton, bayan ya share fiye da shekara 10 a kurkuku. Matar ba ta yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Duk lokacin da aka nuna mata fuskar Cotton, sai fuskar ta ƙara zama a gurbin waccan.

Malaman hadisi sun daɗe da raba waɗannan abubuwa biyu. Ba ya wadatar da su a ce mai ruwaya adali ne, sai sun bincika dabɗinsa, wato ƙarfin kiyayewarsa. Ibnu Salah, wanda ya rasu a 1245, ya ware babi guda a littafinsa na ilmin hadisi kan amintattun da haddarsu ta rikice a ƙarshen rayuwa, don a bambanta abin da aka ji daga gare su kafin rikicewar da abin da aka ji bayanta. A nan Nijar kuma, dokar karkara ta 1993, wadda aka fi sani da Code rural, ta kafa kwamitocin filaye, wato Cofo, masu ba da takardar saye ko kyauta ko aro ko jinginar gona. Amfanin takardar shi ne an rubuta ta ranar da aka yi abin, kafin shekaru da ji-ta-ji-ta su taɓa shi.

Su ma masu burin a ce ba sa manta kome, akwai littafin da zai rage musu zumuɗi. A 1968 masanin ƙwaƙwalwa ɗan Rasha Alexander Luria ya wallafa labarin Solomon Shereshevsky, wani ɗan jarida a Mosko da shugabansa ya lura ba ya rubuta kome a taron safe, amma yana maimaita duk abin da aka faɗa. Luria ya bi shi kusan shekara 30. Yakan karanto jerin lambobin da aka ba shi shekara 15 baya. Sai dai hotunan da ke cika kansa sun hana shi kama ma'anar dogon zance cikin sauƙi, har ya kai ga rubuta abubuwa a takarda yana ƙonawa ko zai samu ya manta.

Gari ma yana da nasa tunani

Mutum ba ya tuna baya shi kaɗai. Bafaranshe Maurice Halbwachs ya bayyana haka a littafinsa Les cadres sociaux de la mémoire na 1925: iyali da unguwa da addini su ke riƙe wa mutum igiyar abin da zai tuna, kuma jama'a kan gyara labarin jiya ya dace da zaman yau.

Misalin da ya fi fito da wannan fili daga Gwanja yake, ƙasar da fataken Hausa suka yi ta zuwa sayen goro, a arewacin Gana ta yau. Jack Goody da Ian Watt sun kawo shi a wata maƙala ta 1963. Lokacin da Turawan Ingila suka fara rubuta tarihin masarautar a farkon ƙarni na 20, an gaya musu cewa wanda ya kafa ta, Ndewura Jakpa, ya bar ƴaƴa 7, kowanne da yankinsa. A lokacin yankunan masarautar 7 ne. Bayan kimanin shekara 60, yankuna biyu sun ɓace saboda sauye-sauyen mulki. Da aka sake ɗaukar tarihin, sai aka ce ƴaƴan Jakpa 5 ne.

Wani lokaci littafi ne da kansa ke sauya abin da jama'a ke tunawa. A watan Afrilun 1899 rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta bar kisa da ƙone-ƙone a hanyarta har Birnin Ƙonni, ta gwabza da mutanen Lugu a ƙasar Arewa, ƙarƙashin Sarauniya. Rubuce-rubucen sojojin Faransa ba su ba ta wuri mai yawa ba, kuma labarinta ya fi zama a bakin mutanen yankin. A 1980 Abdoulaye Mamani ya wallafa Sarraounia. Ƙagaggen labari ne, ya gina shi a kan abin da ya faru, ya cike giɓin da ƙuruciyarta da kalamanta da shawarwarin fadarta. Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar Fespaco a Wagadugu a 1987. Yau, da wuya ɗan lakwal ya iya raba abin da ya zo daga bakin tsofaffin Lugu da abin da ya fito daga alƙalamin Mamani. Wannan bai rage kome daga jarumtar mutanen Lugu ba, amma mai neman tarihi ya kamata ya san ruwa biyu ne suka haɗu.

To, a watsar da tarihin baka ke nan? Masanan da suka fi saninsa ba su ce haka ba. Jan Vansina, a littafinsa De la tradition orale na 1961, ya shimfiɗa hanyar auna shi: a san wa ya faɗa, a hannun wa ya karɓa, a gaban wa yake magana, me zai samu idan aka yarda, sannan a gwama bakin wannan gida da na wancan. Waƙa da kirari da jerin sunayen sarakuna, waɗanda ake maimaitawa da kalmominsu a gaban masu iya gyara kuskure, sun fi jure zamani a kan labarin da kowa ke bayarwa yadda ya so. Don tattara irin wannan gado ne aka buɗe a Yamai, a 1968, cibiyar da yau ake kira CELHTO, a zamanin da Boubou Hama ke shugabancin majalisar dokoki yana kuma rubuta littattafan tarihi. Amadou Hampâté Bâ na Mali, a littafin ƙuruciyarsa Amkoullel, l'enfant peul na 1991, ya danganta yawan abin da ya riƙe da tarbiyyar yaran zamaninsa, waɗanda aka horar da su kan sauraro da maimaitawa.

Hausawa ma suna da nasu littafin a wannan sahu. Tsakanin 1949 da 1950, wata tsohuwa da aka fi sani da Baba ta Karo ta zauna da Mary Smith a ƙasar Zazzau, ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa, aka buga shi da Turanci a 1954. Kan sarakuna da shekarun yaƙi maganarta kaɗan ce. Kan aurarrakinta, da zaman kishiyoyi, da ƙawance, da bori, da rinjin bayin gidansu, da yadda mahara ke sace mutane a sayar, ta faɗi dalla-dalla har da sunaye da abin da aka biya. Ta rasu a 1951, shekara 3 kafin littafin ya fito.