Ƙofar Birni: Inda Tsaro da Fatauci Suka Haɗu

Mutumin Tsauni da ya kama hanyar Damagaram a yau, ya bi ta Matamaye ya shiga gari, babu wanda zai tare shi a bakin ganuwa. A zamanin kakanninsa kuwa, in ya ɗauro gero a kan jaki, dole ya riƙa duban rana, domin da magariba ta yi ake rufe ƙofa. Wanda ya makara sai ya kwana a waje.

Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa mai kauri, ya kuma sa maƙera suka ƙera masa igwa. Fataken Azbin masu gishirin Bilma da dabino sukan sauke raƙumansu a Zango, wajen ganuwa, yayin da fada take ciki. Ƙofa ce ke haɗa su. A nan sarkin ƙofa yake tambayar baƙo daga ina ya fito, me ya ɗauko, wane ne mai masaukinsa.

Wannan tsari ya daɗe a ƙasar Hausa. Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwar Kano a ƙarni na 12. Masu gina ƙofofinta sun matse mashiga, suka janye wasu zuwa ciki, ta yadda maharin da ya nufo ƙyaure zai sha kibiya daga dama da hagu. Ƙyauren kansa na katako ne mai nauyi, an lulluɓe shi da ƙarfe. Madugu ba ya kai ayarinsa inda dukiya ba za ta kwana lafiya ba, shi ya sa ƙarfin ƙofa ya zama ƙarfin kasuwa.

Bindigar Turawa ce ta karya wannan lissafi. Faransawa sun ci Damagaram a 1899, Ingilishi suka shiga Kano a 1903. Aikin gayya na yaɓe ya tsaya, kowace damina ta riƙa zaftare rabonta.

A Kano har gobe ana cewa Ƙofar Mata, Ƙofar Mazugal, Ƙofar Na'isa. A Damagaram, ɗan abin da ya rage na ganuwar Tanimu yana buƙatar magina da laka kafin wata damina. Dattawan da suka san gurbin kowace ƙofa kuma, a je a zauna da su tun suna raye.