Masu Jera Kujeru a Zauren Daina Shaye-shaye

A watan Mayun 1935, wani dillalin hannun jari mai suna Bill Wilson ya tsinci kansa a otal ɗin Mayflower da ke birnin Akron na jihar Ohayo a Amurka. Cinikin da ya kai shi garin ya wargaje, ga mashayar otal ɗin a gefe ana ta shewa, shi kuwa wata biyar ke nan rabonsa da giya. Maimakon ya shiga, sai ya kama buga wa limaman coci waya yana cigiyar wani mashayi da zai zauna da shi. Aka haɗa shi da Dakta Bob Smith, likitan tiyata da giya ta kusa raba shi da aikinsa. Likitan ya ce minti 15 kawai zai ba shi, amma suka kwashe sa'o'i suna magana. Daga wannan zama ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali.

Wilson ya nemi likitan ne don kada shi kansa ya koma ruwa. Shi ya sa na ƙarshe cikin matakai 12 na ƙungiyar shi ne wanda ya samu sauƙi ya kai saƙo ga wanda ke cikin halin.

Masu addini sun ɗauki tsarin sun ɗora shi a kan imaninsu. A 1989 wasu Musulmi a birnin Baltimo suka kafa Millati Islami, suka gina matakan a kan tuba, Alƙur'ani da hadisi. A 1991 John Baker, wanda shi ma giya ta taɓa wahalar da shi, ya fara Celebrate Recovery a cocin Saddleback da ke Kalifoniya, inda maza da mata ke zama daban-daban a ƙananan rukunoni.

Aikin sa kai a irin waɗannan zauruka ba shi da wani ƙyalƙyali. Wani ya zo kafin kowa ya buɗe ɗaki, ya jera kujeru, ya dafa gahawa. Wani ya tsaya bakin ƙofa yana tarbar sabon zuwa, wanda galibi yakan shigo kai a sunkuye, ya nemi kujerar can baya kusa da mafita. Wanda ya daɗe da dainawa kuma yakan ba sabon lambar wayarsa, ya ce ko tsakar dare sha'awar ta taso ya kira. Ba a biyan kowa ko sisi. Mutumin da iyalinsa suka daina aikensa kasuwa da kuɗi, yau shi aka damƙa wa makullin ɗaki, kuma ya san idan bai zo ba jama'a za su tsaya a waje. Wannan amanar tana riƙe shi a ranar da niyyarsa ta yi rauni.

Bincike ya goyi bayan haka. Wani nazari da Maria Pagano da abokan aikinta suka wallafa a 2004 ya nuna kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka taimaki wasu mashaya sun shekara ba su sha ba bayan magani, alhali a cikin waɗanda ba su yi hakan ba kashi 22 ne kawai.

Haɗarin yana zuwa ne idan lafiya ta samu, mutum ya ga kamar ya gama, ya janye ƙafa. Akwai kuma mai ɗaukar komai a kansa har ya gaji. Don haka Alcoholics Anonymous ke juya muƙamai, kowa ya yi wa'adinsa ya miƙa wa wani.

A Najeriya, binciken da aka yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Masallatai da coci-cocinmu suna da ɗakuna da jama'a. Ya kamata limamai su ware wa matasan da suka bar kodin da tiramol wurin zama na mako-mako, su kuma ba su aikin tarbar na bayansu.