Gudun Zafi da Neman Ni'ima: Bazara, Tsayin Ƙasa da Zaɓen Wurin Hutu

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan yadda ake zaɓen wurin hutu mai sanyi da daɗin iska, ta la'akari da yanayin ƙasar Hausa. Ta nuna cewa fassara lokacin zafin Turai da kalmar "bazara" tana haifar da ruɗani, domin watannin da Bahaushe ke kira bazara daban suke da watannin da Bature ke fama da zafi. Daga nan ta kawo ma'aunai uku da suka fi tasiri ga sanyin wuri, wato tsayin ƙasa da laimar iska da ɓangaren duniya, sannan ta gwada su a kan tsaunukan Jos da Mambila da Azbin.

1.0 Gabatarwa

Ƙaurace wa zafi na ɗan lokaci tsohuwar ɗabi'a ce ta masu hali. Tun kafin zuwan Musulunci, attajiran Makka sukan haura Ɗa'ifa idan rana ta tsananta, su zauna a gonakinsu na inabi har ta sassauta. A shekarar 1864 Turawan Ingila suka mayar da garin Shimla, da ke kan tsaunukan Himalaya, hedikwatar mulkin Indiya ta lokacin zafi. Faransawa kuma suka gina garin Ifran a tsaunukan Atlas na Maroko a 1929 da irin wannan manufa. Zamani da al'umma sun bambanta, amma maganin da aka nema ɗaya ne: hawa tudu.

A yau ma'aikata da 'yan kasuwa da malaman jami'a daga ƙasar Hausa sukan tafi shan iska da iyalansu, musamman idan an yi dogon hutun makaranta. Masu sayar da tikitin jirgi da wasu kafafen yaɗa labarai suna kiran wannan tafiya "hutun bazara". Sunan ya cancanci a tsaya a kansa, domin kuskuren da ke cikinsa yakan sa mutum ya kashe dukiya ya baro sanyi a gida, ya tafi ya tarar da zafi a waje.

2.0 Bazara a Lissafin Bahaushe

Bahaushe ya kasa shekara zuwa manyan lokuta biyu, rani da damina, sannan ya ƙara rarrabe su. Bayan damina sai kaka, lokacin girbi. Daga nan sai hunturu ko ɗari, daga wajen Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da busasshiyar iska mai ƙura ke kaɗawa daga Sahara. Bazara ita ce ke biye, daga Maris zuwa Mayu, kuma ita ce ƙololuwar zafin shekara. A cikinta ake sharar gona, rijiyoyi su ja baya, hadari ya riƙa haɗuwa yana watsewa. A Sakkwato da Yamai da Maiduguri, zafin rana a watan Afrilu yakan wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. A wannan lokaci ne kuma cutar sanƙarau ta fi yaɗuwa a yankin Sahel. A watan Afrilun 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, aka kuma sami asarar rayuka, musamman a tsakanin tsofaffi.

Lokacin zafin Turai da Amurka ta Arewa kuwa yana kamawa ne daga Yuni zuwa Agusta. Waɗannan watanni a ƙasar Hausa damina ce, kuma Agusta ita ce marka, lokacin da ruwa kan yini yana zuba, rana ta ɓuya a bayan gajimare. Zafin rana a Kano a watan Agusta yakan tsaya wajen digiri 30, wato ƙasa da na Afrilu da kusan digiri 10. A daidai wannan lokaci Dubai tana haura digiri 40 ga kuma laimar teku, Alƙahira tana ƙuna, kudancin Turai yana fama da gobarar daji. Ko Ingila, da aka sani da sanyi, ta haura digiri 40 a karon farko a tarihin awonta a watan Yulin 2022.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, dogon hutun makaranta a Nijeriya da Nijar yana faɗowa ne a lokacin da gida ke da ni'ima, yayin da bazarar ainihi, wadda ake buƙatar gudu daga gare ta, takan zo mutane suna bakin aiki, in ban da ɗan gajeren hutun zango na biyu. Saboda haka tambayar farko ga mai niyyar tafiya ita ce: a wane wata zai tashi, kuma wane lokaci ne na shekara a inda zai sauka? Ga masu fassara kuwa, zai fi dacewa a ce "lokacin zafin Turai" ko "dogon hutu", a bar wa bazara ma'anarta.

3.0 Ma'aunan Sanyin Wuri

3.1 Tsayin Ƙasa

A ƙasashen da ke kusa da layin ikwaita, babu abin da ya kai tsayin ƙasa tasiri wajen rage zafi. Dalili shi ne, idan iska ta hau sama, nauyin da ke danne ta yana raguwa, sai ta buɗe ta huce. Masana yanayi sun ƙiyasta cewa zafi yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da aka hau. Da wannan ƙa'ida mutum zai iya yi wa kansa lissafi tun kafin ya ɗaura kaya. Kano tana kan tsayin da ya kusa mita 500 daga doron teku, Jos kuma kimanin mita 1,200, don haka za a sa ran bambancin digiri 4 zuwa 5. Makka ba ta kai mita 300 ba, Ɗa'ifa kuma ta haura mita 1,700, shi ya sa tafiyar da ba ta kai sa'a biyu a mota ba take sauke kusan digiri 10. Haka abin yake ga Adis Ababa, wadda ta haura mita 2,300, da Nairobi mai kimanin mita 1,700. Dukansu sun fi Kano kusa da ikwaita, amma sun fi ta sanyi nesa ba kusa ba.

3.2 Laimar Iska da Sanyin Dare

Jikin ɗan Adam yana huce kansa ne ta hanyar zufa, kuma zufa ba ta amfani sai ta bushe. Idan iska ta cika da laima, kamar yadda take a bakin teku, zufa sai ta maƙale a jiki. Shi ya sa digiri 33 a Legas ko Kwatano kan gigita baƙon da ya saba da digiri 38 na Katsina. Wanda ya bar Sakkwato a watan Maris ya nufi bakin teku don neman sanyi, ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago. Akwai kuma batun dare. Jiki yana jure zafin rana matuƙar dare zai yi sanyin da za a sami barci. Wahalar bazara a manyan birane ita ce gine-ginen siminti da kwalta suna riƙe zafi su sake shi da dare, ga kuma ƙarancin wutar lantarki. Saboda haka mai duba jadawalin yanayin wani gari ya kula da adadi mafi ƙanƙanta na dare kamar yadda yake kula da mafi girma na rana.

3.3 Ɓangaren Duniya da Lokacin Ruwa

A kudancin ikwaita lokutan shekara a juye suke. Yuni zuwa Agusta lokacin sanyi ne a Afirka ta Kudu, inda daren Johannesbag kan kusa daskarar da ruwa, birnin Kef kuma yana samun ruwan sama a lokacin. A Nairobi, Yuli yana cikin watannin da suka fi sanyi. Adis Ababa kuwa tana tsakiyar daminarta a Yuli da Agusta. A yankin Larabawa akwai togaciya guda biyu sanannu: garin Abha na Saudiyya da ke kan tsauni sama da mita 2,000, da Salala ta ƙasar Oman, inda iskar teku ke kawo yayyafi da hazo daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Satumba, tsaunuka su yi kore shar alhali sauran yankin yana ƙuna.

4.0 Tsaunukan da ke Kusa da Gida

Mai gudun bazarar ainihi, wato ta Maris zuwa Mayu, yana da mafaka a kusa ba tare da neman biza ba.

Jos ita ce mafi sauƙin isa. Baya ga tsayinta, ruwan sama yakan sauka a can tun watan Afrilu, makonni kafin ya isa Kano, sai ya karya zafin da wuri. Duwatsun Shere da ke gabashin garin sun haura mita 1,800. Wannan yanayi ne ya sa Turawan mulkin mallaka da 'yan mishan suka mayar da yankin wurin hutawa, ya kuma sa ake noman dankalin Turawa da kabeji da sauran kayan lambun da ba sa son zafi. Gidan tarihin Jos, wanda aka buɗe a 1952, ƙarin dalili ne ga manazarci. Hausa ita ce harshen kasuwa da cuɗanya a garin, don haka baƙo ba ya buƙatar tafinta.

Tsaunin Mambila, a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, ya fi Jos tsayi da sanyi, domin matsakaicin tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600. Babban garinsa shi ne Gembu. Ƙarancin ƙudan tsando da yalwar ciyawa sun jawo Fulani makiyaya, sanyin kuma ya ba da damar noman ganyen shayi a Kakara. A yankin ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Nijeriya, a cikin gandun dajin Gashaka-Gumti. Sai dai daminar Mambila doguwa ce, hanyar hawa kuma mai lanƙwasa ce da ke bin gefen dutse, hazo yakan rufe ta. Mafi dacewa shi ne a hau da rana, kuma kafin ruwa ya yi nisa.

A Jamhuriyar Nijar akwai tsaunukan Azbin da ke arewacin Agadas, inda ƙololuwar tsaunin Bagzan ta kai mita 2,022. Iskarsu busasshiya ce, darensu mai sanyi, kuma a kwaruruka irin na Timiya ana noman lemo da rumman a tsakiyar hamada. Amma zafin rana a kwari bai da sauƙi a bazara, saboda haka Azbin ta fi daɗin ziyara daga kaka zuwa ƙarshen ɗari. A Kamaru kuma, garin Ngaundare da ke kan tudun Adamawa, kimanin mita 1,100, ya fi Garwa da Marwa sauƙin zafi ƙwarai.

Duk waɗannan wurare suna da sharaɗi guda da jadawalin yanayi ba ya nunawa, wato zaman lafiya. Jihar Filato da Mambila sun sha fama da rikice-rikice a kan filaye da kiwo, hanyoyin arewacin Nijar kuma suna buƙatar taka tsantsan. Wajibi ne a nemi labari daga mazauna wurin gab da tafiya.

5.0 Sanyi a Tunanin Bahaushe

Harshen Hausa ya bambanta sanyin da ake nema da wanda ake gudu. "Ni'ima" ita ce sanyi mai tafe da danshi da tsirrai da daɗin numfashi. "Ɗari" kuwa shi ne mai fasa leɓe da dunduniya. Ita kanta kalmar "sanyi" fuska biyu gare ta: ana cewa "rai ya yi sanyi" idan hankali ya kwanta, ana kuma kiran ciwon gaɓoɓi da na ƙirji da sunan "sanyi". Tarihi ma ya tabbatar da wannan fuska ta biyu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin mulkin mallaka ta tilasta wa dubban talakawa daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a tsaunin Jos, aikin da aka riƙa kira "diban gwamna". Da yawa sun mutu saboda yunwa da cuta da sanyin da ba su da tufafin kare shi. Iskar da ta zame wa Bature hutu ita ce ta zame wa lebura azaba, kuma abin da ya raba su shi ne sutura da abinci da makwanci.

Darasin yana nan har yau. Iyalin da suka taso daga Zindar ko Gusau a cikin Afrilu da tufafi marasa nauyi, za su iya kwana a Gembu suna karkarwa. Ƙananan yara da tsofaffi da masu ciwon asma su suka fi buƙatar bargo da rigar sanyi. Haka kuma raguwar sauro a kan tudu ba ta ɗauke buƙatar gidan sauro ba.

6.0 Kammalawa

An ga cewa sunan ƙasa ko shaharar gari ba su isa su zama hujjar zaɓen wurin hutu ba. Abin dubawa shi ne watan tafiya, da tsayin wurin daga doron teku, da laimar iskarsa da sanyin darensa, da matsayinsa daga ikwaita. Wanda hutunsa ya faɗo a Maris zuwa Mayu, tudu mafi kusa ya ishe shi. Wanda nasa ya faɗo a Yuli da Agusta, ya riga ya sami ni'imar marka a gida, in kuwa zai fita, to ya nufi tsaunukan gabashin Afirka ko kudancin ikwaita. Ga masu nazarin harshe kuma akwai aiki a gaba: tattara sunayen lokutan shekara a karorin Hausa, irin su agazari da marka da buji, da daidaita yadda ake fassara lokutan shekarar Turai a littattafan makaranta da kafafen yaɗa labarai.