Man Shafawa na Basir: Kwana Bakwai Ne Iyakarsa

A ƙasar Hausa babu cutar da ake ɗora wa laifi kamar basir. Ciwon baya basir, kasala basir, kumburin ciki basir, namiji ya gaza a shimfiɗa a ce basir ne. Masu tallar magani da lasifika a tasha da bakin kasuwa a kan wannan suke cin abinci. A wurin likita kuwa basir abu ɗaya ne: jijiyoyin jini na cikin dubura ko na bakinta su kumbura, su riƙa ƙaiƙayi ko zafi, ko a ga jan jini bayan bahaya, wani lokaci har su tsiro waje. Yawanci taurin bayan gida da yawan yunƙuri ke jawo shi, sai juna biyu da ɗaukar kaya masu nauyi.

Kafin a zo maganar shafawa, sai an tabbatar basir ɗin ne, kuma ba a tabbatarwa sai an duba wurin. Nan ne kunya take kayar da mutane. Magidanci ya gwammace ya tsaya a kantin magani, ya jira mutane su ragu, ya sassauta murya ya ce, "Malam, a ba ni na basir." Alhali tsagewar bakin dubura, da maruru, har da ciwon daji na hanji, duk suna iya zuwa da jini ko zafi.

Mayukan da likita yake rubutawa, irin su Scheriproct da Proctosedyl da Xyloproct, sinadarai biyu ne ƙashin bayansu. Ɗaya yana kashe zafi da ƙaiƙayi ta hanyar sa wurin ya daina jin komai na ɗan lokaci, kamar lidoken ko sinkoken. Ɗayan kuma dangin sitiroid ne, haidirokotizon ko firednizolon, mai saukar da kumburi. Wannan na biyun shi ya sa ake gindaya wa'adi: kada a wuce kwana 7 sai da izinin likita. Idan aka daɗe ana shafa sitiroid, fata takan yi laushi ta sirance, ta riƙa tsagewa, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Matan da suka daɗe suna shafa man bilicin sun san yadda fuska take komawa, to fatar dubura ma mai rauni ce. Shi ma mai kashe zafin, in an matsa masa, sai fata ta daina jure shi, ya koma yana haddasa ƙaiƙayin da aka saye shi dominsa. Mutum sai ya zaci basir ne ya ƙaru, ya ƙara shafawa.

Yadda ake sa shi ba wuya. A yi tsarki da ruwan ɗumi, ba sabulu mai turare, ba Dettol. A tsane wurin da tsumma mai laushi, dannawa ake yi a hankali, ba a gogewa, domin mai ba ya zama a jiƙaƙƙiyar fata. A wanke hannu, a matso kaɗan a kan yatsa, kwatankwacin ƙwayar wake, a shafa. Idan likita ya ce a kai shi ciki, akwai ɗan siririn bututu a cikin kwalin: a ɗaura shi a bakin maganin, a shafa masa mai, a tura a hankali, ana matsawa ana zarowa, sannan a wanke shi da ruwan zafi da sabulu. Galibi safe da dare ne da kuma bayan bahaya, amma abin da likita ya rubuta shi ake bi. Ba a aron wannan bututu, ko tsakanin miji da mata.

A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, a ajiye shi inda zafi ba ya kai masa, ba a aljihun mota ba. Mai juna biyu da mai shayarwa su faɗa wa likita halin da suke ciki, yara kuwa ba a gwada musu na manya.

Akwai wani man da ake bayarwa domin tsagewar dubura, mai sinadarin naitirogilisarin, wanda mutane kan ɗauka na basir ne. Yakan sa ciwon kai da jiri, kuma haɗa shi da Viagra ko danginsa yana iya faɗar da bugun jini ƙasa warwas. Wanda yake shan maganin ƙarfin maza, ko na kanti ko na gargajiya da ba a san abin da aka zuba a ciki ba, ya daure ya gaya wa likita.

Duk da haka, man shafawa sauƙi kawai yake kawowa, ba ya cire basir. Kwanakin nan bakwai dama ce ta gyara abin da ya kawo shi. A sha ruwa sosai, a yawaita zogale da alayyafo da kuɓewa da wake da gwanda, a daina tankaɗe dusar gero da dawa gaba ɗaya. A daina shiga bayi da waya. Tiramadol da kodin suna ƙulle ciki, haka ma ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu juna biyu, sai dai ita ba a daina ta da ka, shawara ake nema. Zama cikin bahon ruwan ɗumi na minti 10 zuwa 15 yana rage raɗaɗi.

In mako ya cika ba sauƙi, ko tsiron ya fito ya ƙi komawa ya yi tauri, a koma asibiti. Ana iya ɗaure shi da roba, ko a yi masa allura ya motse, ko tiyata in ya yi nisa. Wanda kuwa ya ga baƙin bayan gida, ko jini a cakuɗe da shi, ko zazzaɓi da mugunya, ko yana ramewa ba dalili, musamman in ya haura shekara 40, kada ya jira kwana bakwai su cika.